Zan kai Hajiya asibiti a Indiya: yaya zan bayyana wa likita ciwonta da Ingilishi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Maradi. Boko da Faransanci na yi shi, Ingilishina kuwa na ciniki ne, wanda na tsinta a hanyar Jibiya da Katsina zuwa Kano. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon baya mai sauka har ƙafa, ga hawan jini, ga ciwon sukari. An ba mu shawarar zuwa Indiya, kuma ni ne babba a gidan, ni zan raka ta. Hajiya ba ta jin kowane harshe sai Hausa. Waɗanne kalmomi ya kamata in riƙe don in yi mata tafinta gaban likita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri.

Ka kwantar da hankalinka, kalmomin da ake buƙata ba su da yawa, don tambayoyin likita kusan iri ɗaya ne ko'ina. A makarantun likitanci masu koyarwa da Ingilishi akan haddace su da kalmar SOCRATES, kowane harafi tambaya guda: wurin ciwon, yadda ya fara, irinsa, inda yake bi, abin da ke zuwa tare da shi, lokutansa, abin da ke tsananta shi ko ya lafar da shi, da kuma ƙarfinsa. Aikinka shi ne ka isar da abin da Hajiya take ji a jikinta. Sunan cutar ka bar wa likita. In ta ce sanyi ne, ko basir, ko daji, kada ka wahalar da kanka neman fassararsu, domin a wurinmu kowanne cikinsu yana ɗauke da cututtuka barkatai. Ka tambaye ta me take ji, sannan ka faɗi wannan.

Wuri shi ne farko, kuma a nan yatsa ya fi baki. Ta nuna da hannunta, kai ka ce "it hurts here". Ƙafa a Hausa tana kamawa daga cinya har tafi, amma Ingilishi ya raba: "thigh" cinya, "knee" gwiwa, "calf" ƙwaurin baya, "foot" daga idon sawu zuwa ƙasa, "leg" kuma dukkanta. Haka hannu, "arm" daban, "hand" daban. Ciwon ƙugu da ƴan Najeriya ke kira "waist pain", a Indiya ka ce "lower back pain" za a fi saurin gane ka. Ciki "abdomen" ne ko "belly", mara kuma "lower abdomen".

Irin ciwon shi ne inda ya kamata ka zauna sosai, domin daga nan likita ke fara zargin ko jijiya ce, ko tsoka, ko ƙashi. Ingilishi yana da kalmomin zafi da yawa: takardar tambayoyin auna ciwo mai suna McGill, wadda masanin ciwo Ronald Melzack ya fitar a 1975, tana da siffofin ciwo 78. Kai bakwai ko takwas sun ishe ka. Zogi, irin na ƙurji ko haƙori mai bugawa tare da bugun jini, shi ne "throbbing". Suka kamar an caka wuƙa "stabbing" ne, ko "sharp". Raɗaɗi mai ƙuna kamar an zuba barkono "burning". Murɗawar ciki "cramping". Ciwon da ba ya da kaifi amma ya zauna ya ƙi tafiya, "dull ache" ake ce masa, kuma "ache" ana furta ta eik. In wurin ba ya ciwo sai an danna, "tender". Ga masu ciwon baya kamar Hajiya akwai guda uku da nake so ka tambaye ta tun kuna gida. Shin ciwon yana harbawa daga baya ya bi ƙafa kamar an ja wutar lantarki? Wannan "shooting pain down the leg". Shin tana jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafa? Wannan "tingling", ko "pins and needles". Shin wani sashe ya mutu, ko an taɓa ba ta ji? Wannan "numbness". Ka faɗi ko ƙafar dama ce, "right", ko ta hagu, "left", ko duka biyun, da kuma inda abin yake tsayawa, gwiwa ko yatsu. Mai sukari ma yana iya samun ƙuna da mutuwar tafin ƙafa ba tare da baya ya shiga ciki ba, shi ya sa likita zai matsa maka da tambaya a nan.

Lokaci kuwa jimloli kaɗan ne. "It started two years ago". "It comes and goes" in yana zuwa yana tafiya, "it is constant" in ba ya ɗagawa. Faransanci yana amfani da "depuis" ga komai, Ingilishi ya raba biyu: "for three months" in tsawon lokaci ne, "since January" in mafari kake nufi. Ka lissafa da watannin bature kafin ku tafi, don Hajiya za ta ce maka tun bayan babbar salla. Abin da ke tsananta shi, "it gets worse when she walks". Abin da ke lafar da shi, "it gets better when she lies down". In ruku'u ko zaman tahiya ya gagare ta har ta koma salla a kujera, ka faɗa. Wannan ya fi cewa ciwon yana da tsanani amfani a wurin likita.

Za a ce ta ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. Sifili babu ciwo, goma shi ne mafi munin da ta taɓa ji. A nan nake jiye maka, saboda iyayenmu mata da dauriya aka san su. Ka gaishe da tsohuwa tana nishi, ta ce maka da sauƙi, alhamdulillahi. Mu mun san gaisuwa ce. In ka juya ka ce wa likita "she is better", shi rubutawa zai yi cewa maganin yana aiki. Ka sake tambayarta a hankali: Hajiya, daren jiya kin yi barci? Amsar wannan ita za ka fassara.

Sauran alamomin ka haddace su a mota. Zazzaɓi, ko masassara kamar yadda muke cewa, "fever". Tashin zuciya "nausea", amai "vomiting", kumburi "swelling", ƙaiƙayi "itching", kasala "weakness", haki da sarƙewar numfashi "shortness of breath". Zawo "diarrhoea" ne, amma a Indiya za ka ji ana cewa "loose motions". Jiri kashi biyu ne a wurin likita: in ɗaki ne ke juya mata, "the room is spinning"; in gani take kamar za ta suma, "she feels faint".

Faransancinka zai taimake ka, don kalmomin likitanci da yawa sun yi kama, amma akwai inda zai kayar da kai. "Angine" da muke cewa in maƙogwaro ya kumbura, in ka ce "angina" likita zai ɗauka ciwon ƙirji ne na zuciya, ya tura ku gwajin da ba ku zo yi ba. Ciwon maƙogwaro "sore throat" ne. Tansiyo da kowa ke faɗi a Maradi "high blood pressure" ne, ko BP a taƙaice. "Tension" a Ingilishi damuwa ce. Odonas, wato takardar magani, "prescription". In an tambaye ka "drugs", magunguna ake nufi, kada ranka ya ɓaci. Lambobin da ke cikin karnenta, wato littafin asibitinta, ma sai an juya su. Awon hawan jinin da aka rubuta mata 14/9 a nan, can 140/90 ne. Sukari da ake rubutawa 1,26 g/L, a Indiya 126 mg/dL ne, a inda ake auna da mmol/L kuma 7. Zafin jiki ma da yawa a Indiya da Faranhait suke auna shi, 38 namu shi ne 100.4 nasu, saboda haka kada ka firgita in ka ji an ce ɗari. Magunguna kuma ka tafi da kwalayensu, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa: Doliprane da Efferalgan duk paracetamol ne, kuma ainihin sunan yana rubuce ƙanana a jikin kwalin. Jiƙo da sassaƙe da duk abin da aka haɗa mata a gida, ka ambace su da "herbal medicine". Masu ciwon baya sukan daɗe suna shan diclofenac ko ibuprofen daga masu tallar magani, kuma ga mai hawan jini da sukari waɗannan na iya taɓa ƙoda, don haka ka bincika ka faɗi gaskiyar yawan da take sha.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, tunda ka ce kai ne babba. Likita zai tambayi fitsari da bayan gida: "passing urine", "passing stool", ko yana kufce mata, "leaking", ko ya ƙi fita. Uwa da ɗan fari, ka san ba za ta faɗi wannan gabanka ba, za ta ce lafiya lau. Alhali ga mai ciwon baya, kufcewar fitsari ko kashi, ko mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko ƙafafu su yi rauni farat ɗaya, alama ce ta jijiyoyin ƙasan laka sun matse, kuma aikin gaggawa ne. Ka sa ƙanwarka ko wata ƴar'uwar Hajiya ta tambaye ta waɗannan tun yanzu, a rubuta maka. In akwai ko ɗaya daga ciki, kada ku jira biza, ku tafi asibiti nan Maradi yau. In kun isa can kuma kana iya cewa "she would prefer a female doctor", ka kira ƙanwar taka a waya ta yi tafintar wannan sashen, kai ka fita waje.

In likita ya yi sauri, ka ce "please speak slowly", ko "please write it down". Ranar sallama ka nemi "discharge summary" da sakamakon duk gwaje-gwajen a takarda, domin da su likitan da zai ci gaba da duba Hajiya a Maradi zai yi aiki.