Tambaya da Amsa: Wa ya fi iya baki a reslin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina mun daɗe muna gardama a majalisa kan mutanen reslin da ba sa kokawa, irin manajoji da masu sharhi, shi ya kafe kan Paul Heyman ni kuma na ce Jim Ross. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ku biyun kun ɗauko manya, amma kun tsallake wanda ni nake ganin ya fi su, Bobby Heenan.

Bari in fara da naka. Jim Ross, wanda ake kira JR, muryarsa ce ta sa mutane ba za su manta wasan King of the Ring na 1998 ba, lokacin da Undertaker ya jefo Mankind daga saman keji ya faɗo kan teburin masu sharhi, JR ya ringa ihu yana cewa an karya shi gida biyu, kuma kana jin muryar ka san tsoron har zuciyarsa yake. Aikin mai sharhi kenan, kamar makaɗi a filin dambe, ba shi ke naushi ba amma in ya yi shiru wasa ya mutu.

Heyman kuwa abokinka bai yi ƙarya ba. Bayan Brock Lesnar ya karya tarihin Undertaker na cin wasa 21 a babban taron WrestleMania ba a taɓa kayar da shi ba, a WrestleMania 30 a 2014, ya zama 21 da 1, Heyman ya yi watanni yana fitowa da makirfo yana maimaita maganar nan har mutane suka tsane shi kamar me, shi ko Brock tsayawa kawai yake yana huci. A 2020 Heyman ya koma gefen Roman Reigns, ya yi shekaru yana rungume masa bel.

To me ya sa Heenan? Saboda ya yi aikin biyun duka, manaja da sharhi, kuma babu inda ya gaza. Shi ne a gefen André the Giant a 1987 da André ya juya wa Hulk Hogan baya suka haɗu a WrestleMania 3. Amma abin da nake so ku nema ku kalla tare shi ne Royal Rumble na 1992, wasan da 'yan kokawa talatin ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, Ric Flair ya shigo na uku kuma Heenan ɗan gidansa ne, wallahi kusan awa guda mutumin nan yana zaune kusa da abokin sharhinsa Gorilla Monsoon yana roƙo yana magiya, duk wanda ya taimaki Flair sai ya hau yabonsa, minti kaɗan in ya juya ya daki Flair sai ya koma zaginsa, muryarsa har dusashewa take, da Flair ya ci kuwa kamar zai yi kuka. Rabin daɗin wasan nan daga bakinsa ya fito. Kansar maƙogwaro ce ta kama Heenan daga baya, abin tausayi ga mutumin da baki ne jarinsa, ya rasu a 2017.

Kar ku manta da Paul Bearer ma, manajan da ke riƙe wa Undertaker tulun tokar gawa, wanda a rayuwarsa ta gaske ya yi aikin shirya gawa.

In dole sai na zaɓa tsakanin naku biyun, a sharhi JR ne, a manaja Heyman. Ku kalli Rumble ɗin 1992 sai ku sake rubuto min.