Ƙirga Masu Wucewa Kafin Kama Shago a Tsibirin Legas

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka biyan kuɗin shagon da dillali ya nuna maka kusa da kasuwar Balogun, alhali ka ga titin cike maƙil. Dalilin shi ne a Disamba ya kai ka, lokacin da sayayyar Kirsimeti da ta bukukuwan aure ke toshe kowane lungu daga Idumota har dandalin Tinubu. Haya kuwa ta shekara ake biya, kuma cikin shekarar akwai Janairu, lokacin da kuɗin makaranta ya kwashe aljihun masu saye, akwai kuma Yuni da Yuli, da ruwa ke kwanciya a titi har mutum ya fasa fitowa.

Ka tsaya a ƙofar shagon, ka zaɓi alama ɗaya, kamar falwayar lantarki, ka ƙirga duk wanda ya gifta ta a ɓangarenka na titi tsawon minti 15, da hantsi, da azahar, da bayan la'asar. Carbi ya ishe ka, ka ja ƙwaya ɗaya ga kowane mutum goma, sannan ka rubuta rana da lokaci da yanayin gari. Kada ka gwama ranaku, domin safiyar Alhamis kasuwanni suna rufe har ƙarfe 10 saboda shara, Juma'a kuma masallata ne ke cika titin Nnamdi Azikiwe, ba masu saye ba.

Sai ka kula da azumi da salla, waɗanda ke matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Ƙidayar jajiberin salla dabam take, ko da ta faɗo tsakiyar damina.

Abin da ya fi ruɗar sabon shiga shi ne ɗaukar kowace ƙafa a matsayin ciniki. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a 2023, ga kuma masu sauka daga bas a tashar CMS, jama'a suna kwarara da safe, amma yawancinsu ofis suke sauri. Ni wanda nake ƙirgawa da muhimmanci shi ne mai tafiya a hankali yana leƙen kaya, da matar da ɗan dako ke bin ta da dami a ka. Ka ware musu shafinsu, ka maimaita ƙidayar a Yuni, sannan mu zauna mu duba ko cinikin watan zai ɗauki hayar.