Tambaya da Amsa: Wane injin goge fenti ya dace da mai mota a gida?

Tun da hunturu ya fara kaɗawa, wasiƙun da ke iso mana daga Kumasi suka karkata kan fentin mota da injin goge shi. Ga kaɗan daga cikinsu.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Corolla gare ni baƙa, wadda aka shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Tema. A inuwa kamar sabuwa, amma da rana ta doke ta sai ka ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Ina son sayen injin gogewa na riƙa yi da kaina. Na ga iri uku a shago, mai shagon ya ce duk ɗaya ne. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mai shagon ciniki yake nema, ukun nan kowanne da halinsa.

Na farko mai juyi ɗaya ne, irin wanda za ka gani a hannun masu fenti a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Faifansa, wanda ake ɗaura soso a kai, a wuri guda yake juyawa, daga juyi 600 zuwa wajen 3,000 a minti. Yana cin fenti da sauri, yana kuma tara zafi a inda ya tsaya. Ƙwararre zai fitar maka da mota kamar madubi da shi, ɗan koyo kuwa daƙiƙa kaɗan sun ishe shi ya ƙone gefen ƙofa. Bar wa masu shi.

Na biyu shi ne naka, mai lilo, wanda ake rubuta DA a jikin kwalinsa. Moto ba ya juya faifan kai tsaye. Faifan yana zaune ne a kan boris wanda aka gusar daga tsakiya, moton yana kaɗa shi yana zagaye ƙanana, ƙarfin kaɗawar kuma shi ke sa faifan juyawa da kansa. Saboda haka soson ba ya bin layi ɗaya sau biyu, zafi ba ya taruwa, in ka danna fiye da kima ko ka karkata injin sai juyin ya tsaya maimakon ya ci fenti. Wannan tsayawar ita ce kariyarka.

Na uku mai lilo ne shi ma, sai dai an sa masa giya da ke tilasta wa faifan juyawa ko ka danna, kamar Flex 3401 na Jamus. Yana saurin aiki, yana jan hannu, ga tsada. Mai mota ɗaya a gida ba ya bukatarsa.

To, a cikin masu lilon ma akwai zaɓi, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Dubi faɗin lilon da aka rubuta a kwali: milimita 8, 15 ko 21. Mai 8, irin DAS-6 ko Porter-Cable 7424XP, shi ne mafi araha da sauƙin sarrafawa, kuma ana iya cire faifansa a ɗaura ƙarami na milimita 75 don bamba da ginshiƙan gilashi da murfin madubi. Aibinsa biyu: jinkiri, da girgizar da ke sa tafin hannu ya yi zugi bayan awa guda. Mai 15, irin Rupes LHR15 na Italiya da masu kwaikwayonsa, ya fi laushi a hannu, ya fi saurin fitar da ƙarce, sai dai ba a ƙanƙanta masa faifai. Mai 21 na manyan bango ne, gefen bas ko rufin babbar jif. A kan Corolla, da kwanoninta da lanƙwashe-lanƙwashenta, rabin lokacinka zai tafi faifan na tsayawa.

Shawararmu: mai lilon 8 da faifan milimita 125 in aljihu bai yi nauyi ba, mai 15 in da hali. Ka ga ƙarfinsa ya kai wat 500 zuwa 900, da maɓallin gudu mai lamba 1 zuwa 6, da waya doguwa. In ya zo da faifan 150, sauya shi da na 125, domin ƙaramin soso ya fi sauƙin juyawa a kan moto mai matsakaicin ƙarfi. Sannan kada ka zuba kuɗinka duka a inji. Raba shi biyu, rabi na inji, rabi na soso da man gogewa da tawul. Inji mai tsada da soso ɗaya tak, ado ne kawai.

TAMBAYA: Ni ɗan koyon walda ne a Suame. Muna da giranda, maƙwabcinmu kafinta kuma yana da injin goge katako mai lilo. Ba zan iya ɗaura soso a ɗayansu ba?

AMSA: Ɗan'uwa, giranda ƙarama tana juyi wajen 11,000 a minti, kusan ninki huɗu na ƙarshen gudun injin masu fenti. Soson zai tarwatse, fentin ya narke kafin ka ɗaga hannu. Na kafintan ba zai yi ɓarna irin wannan ba, amma lilonsa milimita 2 zuwa 5 ne kacal, da ka ɗora masa soso mai kauri sai soson ya shanye motsin. Zai shafa kaki, ba zai fitar da ƙarce ba.

TAMBAYA: Ɗana da ke Amurka ya ce zai sako wa mahaifinsa injin a cikin kayan da zai aiko. Akwai abin da zan faɗa masa? Daga wata Hajiya a Asawase.

AMSA: Akwai, Hajiya, kuma gara ki faɗa masa kafin ya biya kuɗi. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta Ghana 230. Injin can in aka soka shi a bangon nan, ƙara ɗaya zai yi sai hayaƙi. 'Yar adaftar da ke sauya bakin fulogi ba ta rage wuta, kada a yaudare ku da ita. In injin ya riga ya taho, sai a nemi taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka na injin: mai cin amfiya 4.5 a kan bolt 120 yana jan kusan wat 540 ke nan, don haka ta wat 1,000 zuwa sama ce daidai. Tana da nauyi, ga jan ta daga ɗaki zuwa tsakar gida.

Abin da ya fi, ya aiko da abin da ke wuyar samu mai kyau a nan kuma babu ruwansa da wuta: sosuna, tawul na maikurofaiba, man gogewa. Injin kuwa a saye shi a nan, ko daga Ingila, inda wutarsu da fuloginsu mai ƙafa uku duk irin namu ne. Mai batir yana da daɗi ranar da aka ɗauke wuta, sai dai batir ɗaya ba ya gama mota, ga cajarsa ita ma sai an duba ko tana karɓar 230.

In na hannu Alhaji zai saya, ya kunna shi a gabansa ya bi lambobin gudun ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe, ya juya faifan da yatsa: in ya tafi sumul, lafiya, in yana gurnani ko yana cijewa, boris ya tafi. Ya leƙa ramukan iska yayin da yake aiki, tartsatsi mai yawa alamar gawayin moto ya cinye. Gawayi abu ne mai araha, amma ya tabbata akwai irinsa a kasuwa.

TAMBAYA: Direban tasi ne ni a Tafo. Wani yaro ya goge min fenda, sai na ga soson ya koma ruwan ɗorawa. Ya ɓata min fenti ne?

AMSA: Wataƙila bai ɓata ba, direba. Fentin kamfani hawa-hawa ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai shafin sama marar launi wanda masu fenti ke kira kiliya. In ana goge irin wannan, soso ba ya ɗaukar launi. Amma fendojin tasi a nan ake fesa musu ruwan ɗorawa, sau da yawa da fenti mai hawa ɗaya, launi da ƙyalli a haɗe. Irinsa dole ya rina soso, ba laifi ba ne. Inda za ka riƙe kai shi ne in soso ya rinu a jikin da ke da kiliya, to an huda ta, sai sabon feshi.

Mu ɗan tsaya a nan, domin wannan ya shafi kowa. Duk fentin kamfani, daga ƙarfe zuwa sama, kaurinsa maikuron 100 zuwa 180 ne (maikuron dubu ne milimita ɗaya), wato bai fi takardar rubutu ɗaya ko biyu ba. Kiliyar kaɗai wajen 40 zuwa 50 ce, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Gogewa kuwa ba cike ƙarce take yi ba, kankare kiliyar da ke kewaye da shi take yi har ta sauko daidai da gindinsa. Kowace gogewa tana ɗauke maikuron kaɗan, abin da ya tafi kuma ya tafi ke nan. Shi ya sa kafin komai ka ja farce a kan ƙarcen. In farcen ya maƙale, ya yi zurfin da ba a bin sa. A sassauta bakinsa ya rage ɗaukar ido, a bar shi haka, kada garin neman gira a rasa ido.

Motocin da ke shigowa ta Tema da yawa sun taɓa buguwa an gyara. Akwai ɗan na'urar auna kauri da ake ɗorawa a bodi: in ƙofa ta nuna 120, fenda ta nuna 300, an sake fesa fendar, in lambar ta haura 600 ko 1,000 akwai bodi-fila a ƙasa. Sabon feshi a ba shi wata guda ko fiye ya bushe sosai kafin a sa masa kaki.

TAMBAYA: Na sayi mai lilon 8. Na yi awa biyu a kan bonet, man ya bushe ya zama gari, zanen kuma yana nan. Jabu aka sayar min? Daga Sawaba.

AMSA: Da wuya, Malam. Ɗauki alƙalamin maka ka ja layi baƙi a bayan faifan, daga tsakiya zuwa baki. Kunna injin a kan bonet ka zuba wa layin ido. In yana zagayawa, ko da a hankali, aiki na tafiya. In yana rawa a wuri ɗaya, injin girgiza kawai yake yi, ko kwana ka yi a kai ba abin da zai fita. Abu uku ke kawo haka: danna da yawa, karkata soso ya hau kan gefensa, ko gudun da bai kai ba.

Garin da ka gani kuwa, muna kyautata zaton a rana ka yi aikin. Ɗora bayan hannunka a kan bodi, in ba za ka iya barinsa ba, mai ma ba zai zauna ba. Yi aikin bayan asuba ko bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfa, amma ba gindin bishiya ba.

Ga yadda ake bi. Fara kwarara ruwa ya sauke ƙura kafin hannu ya taɓa motar. Wanke da bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tsumma. Shafa tafin hannu a fenti, in ka ji ƙaiƙayi kamar yashi, bi shi da yumɓun goge mota da ruwan sabulu har ya yi santsi, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin soso ta isa ta zana bonet gaba ɗaya. Busar, sannan ka rufe baƙaƙen robobi da tambari da bakin ƙofofi da tef ɗin takarda. Fenti ya fi siranta a kan gefuna da ƙugu.

Zaɓi fili kamar santimita 50 a kan 50 don gwaji, ka fara da soso matsakaici da mai marar kaifi. Kada ka dogara da launin soso, kowane kamfani da nasa tsarin, matsa shi da yatsa ka karanta abin da aka rubuta. Ɗiga mai huɗu, kowanne kamar ƙwayar wake. Dangwala soson a wurare huɗu ko biyar a filin, ɗora shi a fenti sannan ka kunna, in ba haka ba har rigarka sai ta sha mai. Baza a lamba 1 ko 2, ka hau 4 ko 5. Tafi a hankali, santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya. Bi a kwance, bi a tsaye, har sau huɗu zuwa shida, biyun ƙarshe ka sassauta hannu. Kashe injin yana kan fenti. Rataya wayar a kafaɗa kada ta riƙa jan bodi.

Share da tawul mai tsabta, ka haska fitilar waya daga gefe. Wasu mayukan ɓoye ƙarce suke yi, don haka fesa sifirit na asibiti da aka sirka, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu ko biyar, ka sake dubawa. In ya fita, haka za ka bi duk motar. In bai fita ba, sauya abu ɗaya kawai, ko soso mai tauri ko mai mai kaifi, ka sake gwadawa. Baƙar mota bayan mai mai kaifi takan yi hazo, sai an bi ta da soso mai laushi.

Bayan kowane fili, kankare soson da buroshi ko tawul. In ya jiƙe ya yi ɗumi, cire shi ka sa wani, in ka matsa masa mannen bayansa zai saki. Mota kamar Corolla tana cin soso huɗu zuwa shida, da yini guda cur.

TAMBAYA: Da hunturu ƙura ba ta barin mota. Zan iya goge ta da inji duk wata? Daga Alabar.

AMSA: A'a, Alhaji, kiliyar ba za ta kai ka ko'ina ba. Gogewa mai sauƙi sau ɗaya a shekara ta isa, ka bari sai ƙurar ta lafa wajen watan Maris. Bayan ta a shafa kaki ko man kariya da soso mafi laushi a lamba 2 ko 3, a sabunta duk wata biyu zuwa uku, domin ranar nan ba ta barin kaki ya daɗe. Saƙar gizon nan kuwa yawancinta daga busasshen tsumman da ake kaɗe mota da shi da safe take fitowa, da tsumma ɗaya da ake wanke taya da bodi a wurin wanki, da omo mai wanke kaki tas. Hana yaron gida taɓa ta a bushe. In babu ruwan wanki ranar, a bar ta da ƙurarta zuwa gobe.