Tambayi likita: Yadda ƙwayar HIV ke sauya kama a jikin mai ɗauke da ita

Likita, an ce ƙwayar HIV da ke jikin mutum bayan shekaru ba irin wadda ya kamu da ita ba ce. Gaskiya ne? (Wani ɗalibi, Zariya)

Gaskiya ne. A kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ta saduwar namiji da mace, ƙwaya guda tak ce ta kafa cutar. Bayanan gadonta ba su wuce haruffa kimanin 9,700 ba, amma sinadarin da ke kwafe su ba ya waiwayowa ya gyara kuskure. Yakan yi kuskure ɗaya a cikin haruffa wajen 30,000, alhali jikin wanda ba ya shan magani yana fitar da sabbin ƙwayoyi kimanin biliyan 10 kullum. Ka ga ke nan kusan duk sauyin harafi ɗaya da zai iya faruwa, yana faruwa kowace rana.

Mafi yawan waɗannan sauye-sauye nakasa ƙwayar suke yi. Sauran kuwa garkuwar jiki ce ke tankaɗe su: ta kashe waɗanda ta gane, waɗanda suka ɓace mata su hayayyafa. Shi ya sa ɓangaren gadon da ke ƙera kwanson ƙwayar yake sauyawa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara. A wasu majinyata, idan ciwo ya yi nisa, ƙwayar takan sauya ƙofar da take shiga CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da take kai wa hari, daga wadda ake kira CCR5 zuwa CXCR4, sai CD4 su riƙa raguwa da sauri.

Maigidana yana shan maganin HIV mai suna TLD, amma idan ya yi tafiya yakan tsallake kwanaki. Yana da illa? (Wata uwargida, Katsina)

Ƙwarai kuwa, Hajiya. Idan magani ya yi ƙaranci a jini, bai isa ya danne ƙwayar ba, amma ya isa ya kawar da masu rauni ya bar masu taurin kai. Sauyi ɗaya, K103N, ya isa ya karya lagon magungunan HIV na efavirenz da nevirapine, M184V kuma na lamivudine. Dolutegravir da ke cikin TLD ya fi wuyar bijirewa, shi ya sa aka koma masa, sai dai ba garanti ba ne.

Ya je a auna yawan ƙwayar a jininsa. Idan ya haura 1,000 a kowace mililita, za a zauna da shi kan yadda yake shan maganin, a sake awo bayan wata 3 kafin a yi maganar canji. Ya kuma kula da abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Maganin ƙarin jini, da na kalshiyam, da na ƙwannafi suna hana hanji tsotse dolutegravir, don haka a sha shi awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuwa yana buƙatar dolutegravir miligiram 50 sau biyu a rana.

Ni da matata duka muna ɗauke da ita. Akwai sauran abin tsoro tsakaninmu? (Wani magidanci, Maraɗi)

Akwai, Malam, matuƙar ɗayanku bai danne tasa ba. Mutum na iya sake kamuwa da wani nau'in, har da mai bijire wa magani, kuma idan nau'i biyu suka haɗu a ƙwayar jiki ɗaya sukan cakuɗa gadonsu. Nau'in CRF02_AG da ya fi yawa a Afirka ta Yamma gaurayen nau'in A da G ne. Idan awo ya nuna ku duka kun danne ta, ba za ku ɗauka daga juna ba, sauyin ma kusan tsayawa yake yi. Amma tana nan kwance a wasu ƙwayoyin CD4, kuma takan dawo cikin 'yan makonni da daina magani.