Amsa: Mota tana wahalar tashi bayan an sha mai, sikana ta nuna P0441

Malam, ka ce duk sanda ka sha mai sai motar ta wahalar da kai kafin ta tashi, fitilar injin ta kunna, sikana (na'urar karanta matsalar mota) ta nuna P0441, lambar matsalar zuƙar tururin fetur, har an ce ka sayi sabon gwangwanin gawayi. Kada ka saya tukuna. Alamun nan sun fi nuna cewa bawul ɗin zuƙa ne ya maƙale a buɗe.

Tururin fetur yana fitowa daga tanki ya bi tiyo zuwa gwangwanin, gawayin ciki ya riƙe shi. Bawul biyu ke wannan aiki. Na zuƙa, mai barin injin ya zuƙe tururin ya ƙone shi, yana tsakanin gwangwanin da manifol (bututun da iska ke bi ta shiga injin), galibi kusa da injin, kuma in babu wuta a rufe yake. Na shan iska yana jikin gwangwanin ko kusa da shi a ƙarƙashin mota, shi kuwa in babu wuta a buɗe yake. Riƙe wannan bambanci, duk gwajin a kansa ya rataya. Lokacin zuba mai, man yana koro tururi mai yawa. In na zuƙa a buɗe yake, tururin ya cika manifol, injin ya shaƙe.

Fara da gwaji mai sauƙi. Ta da injin yana silo, zare soket ɗin bawul ɗin zuƙa, cire tiyon da ya zo daga gwangwani, ka ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. In ka ji yana jan yatsanka ko kaɗan ne, yana yoyo. Don ka tabbatar, kwance shi, haɗa famfon zuƙa na hannu a ɓangaren manifol, ja allurar famfon zuwa wajen 10 a ma'aunin inHg, ka jira rabin minti. Bai kamata ta sauka ba. Sannan ba shi wutar batir kai tsaye, volt 12: za ka ji ƙas, allurar ta faɗi nan take. Ƙarar kaɗai ba shaida ba ce, nan mutane da yawa ke ruɗuwa, domin bawul yana iya yin ƙas alhali bai rufe ruf ba. Auna wayarsa da mita kuma. Yawanci tsakanin om 20 zuwa 30 ne, amma duba littafin motarka.

Kafin ka ɗaura sabon bawul, buga tsohon a kan farar takarda. In baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo, gawayin ne ya farfashe ya biyo tiyo. To a nan dole a canza gwangwanin, a kwance tiyon a hure shi fes, in ba haka ba sabon bawul ɗin ma zai maƙale.

Shi gwangwanin, duba tsagewa, ka ji nauyinsa, ka karkata shi. In fetur ya ɗiga, ya mutu. Hura iska a hankali ta bakin da ke zuwa tanki, ya kamata ta fita ta bakin shan iska ba tare da tirjiya ba. Bawul ɗin shan iska ya wuce da iska in babu wuta, ya toshe in an ba shi volt 12. Ƙura, laka da yanar gizo-gizo kan toshe shi, alamarsa kuwa famfon gidan mai ya riƙa katsewa tanki bai cika ba.

In lambar P0442, P0455 ko P0456 ce ta biyo baya, yoyo ake nufi. Duba robar murfin tanki da farko, sannan a yi gwajin hayaƙi, wato a tura hayaƙi cikin tiyo a ga inda yake fita, da matsin da bai kai psi 1 ba. Kada a sa iskar kwamfaresa, tana lalata na'urar auna matsin tanki. Sigari da tartsatsi kuma su yi nesa da wurin.

Abin da ya fi kashe gwangwani shi ne ƙara mai bayan famfo ya tsaya da kansa, don ruwan fetur ne ke gangarawa cikin gawayin da tururi kawai aka yi shi ya riƙe. Bayan gyara a goge lambar, ka yi 'yan kwanaki kana tuƙi da mai tsakanin kwata da kwata uku na tanki, saboda a nan ne kwamfutar motar ke sake gwada tsarin da kanta.