Fijo 504 ta gado: yaya ake gane shekarar kayan injinta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ɓaɓura, jihar Jigawa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Fijo 504 wadda ya saya sabuwa, takardunta suna nuna 1978. Ta daɗe a rumfa amma har yanzu tana tashi. Wani ya zo daga Kano yana son saye, da ya buɗe bonet sai ya ce injin ba nata ba ne, wai don ya ga an rubuta Valeo a jikin kik, ya karya mata kuɗi sosai. Bakaniken garinmu kuwa ya ce tun yana yaron gareji injin nan yake gani a cikinta. Na duba da kaina, a jikin kwayil akwai Bosch da lamba 345, a kafireta kuma 32-35. Yaya zan gane shekarar da aka yi kayan nan? Motar gado ce, akwai haƙƙin ƙannena mata a ciki. Ba na so a cuce mu, ba na kuma so mu cuci kowa.

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya bincike kafin ka sallama dukiyar da ba taka kai kaɗai ba.

Mai sayen nan ya yi gaskiya a kan kik ɗin, amma hukuncin da ya yanke a kan inji bai tsaya ba. Sai a 1980 ne kamfanin Ferodo na Faransa ya sauya suna ya koma Valeo. Saboda haka kik ɗin da aka buga wa Valeo ba da shi motar 1978 ta fito ba. Kayan wutar Fijo na wancan zamani za ka fi ganin Ducellier ko Paris-Rhône ko SEV Marchal a jikinsu, waɗanda daga baya duk suka koma ƙarƙashin Valeo ɗin. To amma kik abu ne da ake kwancewa da 'yan notuna cikin rabin sa'a. Motar da ta haura shekara arba'in tana bin hanyoyin burji da yashin Ɓaɓura zuwa Kazaure da Ɗambatta, in aka ce kik ɗinta na farko ne har yau, a nan ne ma zan yi mamaki. Sauya kik ba sauya inji ba ne.

Kwayil ɗinka ma ba na farko ba ne, kuma shi har watan da aka yi shi zan iya gaya maka. Bosch suna buga lamba uku a kayansu: ta farko ita ce ƙarshen shekara, biyun da ke binta kuma wata ne, sai dai suna ƙara wa watan wani adadi don a bambance shekaru goma-goma. A shekarun 1970 watanni suna tafiya daga 21 zuwa 32, a shekarun 1980 daga 41 zuwa 52, a shekarun 1990 daga 61 zuwa 72. Ɗauki 345 ɗinka. Lamba 45 ta faɗa layin shekarun 1980, in ka cire 40 saura 5, watan Mayu ke nan. Ukun da ke gaba kuma ta ba ka 1983. Wato Baba ya sauya kwayil a 1983 ko bayanta. Da a ce 726 ka gani, Yunin 1977 ke nan, sai mu ce wannan zai iya zama wanda ya biyo mota. Kada ka rikita wannan da doguwar lambar Bosch mai guda goma da ke farawa da sifiri, ita tana faɗin irin kayan ne kawai, kuma takan zauna shekaru ba ta canza ba.

Ita kuwa 32-35 ta kafireta ba ta da alaƙa da shekara ko kaɗan. Faɗin maƙogwaron kafiretar ne a milimita, ɗaya 32 ɗaya 35, irin Solex mai baki biyu da ake sa wa 504 mai injin lita biyu. Wannan kuskure shi ya fi yawa a wajen masu duba tsofaffin motoci, har da wasu dillalai: kowace lamba suka gani sai su mayar da ita shekara. Yawancin lambobin da ke jikin inji sunan kaya ne ko lambar mazubin da aka zuba ƙarfen a ciki. Na kwanan wata kaɗan ne, gajeru ne, kuma sukan ɓuya a lungu.

Abin da ake kira inji, in ana maganar asali, bulok ne, wato gangar jikin injin da silinda ke ciki. A nan za ka sa ƙarfinka. Injin 504 a kishingiɗe yake gefe guda, bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne na zubi, kansa kuma alminiyam. Ka jira ya huce sarai. Ka samu kananzir da tsohon buroshin goge baki da tsumma, ka wanke gefen bulok ɗin a hankali, musamman kusa da inda ƙafar inji ke kamawa, kana neman wani ɗan fili da aka daidaita ya yi sumul, ba kamar sauran jikin mai kaushi ba. A irin wannan filin ake buga lambar inji. Don Allah kada ka bar kowa ya sa sanfefa ko giranda a wurin da sunan zai fito maka da lamba. Bugun ba shi da zurfi, shekaru sun riga sun ci rabinsa, gogewa ɗaya za ta iya tafiya da shi, sannan ta bar tabon da duk mai saye zai ce an yi coge. In lambar ta dushe, ka goga alli ka share da yatsa, farin zai zauna a cikin ramin. Ko ka jira magariba ka haska fitilar wayarka daga gefe, ba daga sama ba, inuwa za ta fito da kowane harafi. Ka ɗauki hoto, ka kuma ɗora farar takarda ka murza fensir a kai.

Sai ka gwada abin da ka samu da lambar injin da ke cikin takardun farko na motar, ba waɗanda aka sabunta daga baya ba, domin wajen sabuntawa magatakarda kan tsallake lamba ko su juya ta. In akwai rasidin saye a akwatin Baba, ya fi komai. Idan lambobin sun zo ɗaya, ka sake duban filin da kyau. Bugun kamfani yakan zo da haruffa masu girma ɗaya da siffa ɗaya, a kan fili shimfiɗaɗɗe. Wanda aka sake bugawa a gareji za ka ga filin ya ɗan loma kamar an kwashe shi, da zanen giranda, wata lamba ta nutse wata ta tsaya a sama, wata ta karkace. Sa yatsanka ka shafa, yakan ji abin da ido bai gani ba.

Bayan wannan sai ka nemi rubutun da ya taso sama a jikin ƙarfe, wanda ba buga shi aka yi ba, tare aka zuba shi. Shi ya fi wuyar yi wa jabu. A kayan alminiyam da na roba za ka riƙa cin karo da wata 'yar da'ira kamar fuskar agogo, ba ta fi girman kwabo ba, da lamba ɗaya ko biyu a tsakiya, kewayenta an raba gida goma sha biyu, an ɗiga wasu ko kibiya ta nuna ɗaya. Ta tsakiya shekara ce, gidajen watanni ne. Duba kan injin, da gidan famfon ruwa, da bututun da kafireta ke zaune a kai, da jikin kafiretar kanta. Ba kowane kaya ne ke da ita ba, rashinta ba laifi ba ne. Inda ka ga lamba ɗaya tak, misali 7, kada ka yi saurin cewa 1977, domin 1987 da 1997 ma da bakwai suka ƙare. Sauran alamomi ne za su raba gardama. Shi ya sa ban yarda da hukunci a kan kaya ɗaya ba. Kamar shaidu ne a gaban alƙali: in kan injin da famfon ruwa da bututu da kafireta duk suka faɗi lokaci ɗaya, maganarsu ta yi ƙarfi, in ɗaya ya ware sai a gane shi ne baƙo.

Wane lokaci ake so su faɗa? Kafin ranar rajista, ba bayanta ba. Ana zuba ƙarfe, a sarrafa shi, a haɗa inji, sannan a haɗa mota, a kai wa dila, a saya, a yi lamba. Ga motocin Kaduna tazarar ta fi tsawo. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma a shekarun farko kayan a kwance suke zuwa daga Faransa, jiragen dakon kaya na kamfanin UTA na Faransa suna ɗauko su daga Liyon su sauke a filin jirgin saman Kano, a kwashe su zuwa Kaduna. Don haka motar da aka yi wa rajista a 1978, in ka ga kayanta na 1977 ne ko farkon 1978, daidai ke nan, abin farin ciki ne. In ka ga 1984 a jikin kan injin, an sauya kan, abin da ke faruwa da yawa idan mota ta taɓa yin zafi ta ƙona gasket. Wannan yana rage daraja kaɗan wajen masu neman komai na asali, amma har yanzu bulok ɗin nata ne in lambarsa ta tsaya.

Akwai dalilin da ya sa mai sayen yake ɗari-ɗari, kuma ban ga laifinsa ba. An fara 504 a 1968, Faransa ta daina yin ƙirar salun a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har cikin shekarun 2000. Injin lita biyu mai girman siisii (cc) 1971, wanda ake kira XN, ya shigo tun 1970, aka kuma sa shi a 505 da ta fito a 1979. Ke nan injin da aka yi shekara ashirin bayan motarku zai shige cikinta ya zauna daram, kuma Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta sha sayar da irinsu. Ido kaɗai ba ya rabawa daga nesa. In wata rana aka buɗe injin, a auna faɗin silinda: na lita biyu milimita 88 ne, na ƙaramin injin 504 mai siisii 1796 kuma 84. Sai dai ka sani hannun rigar silinda na wannan inji zarewa ake yi a sa sabo, tare da fistin da zobba, don haka sabon kaya a ciki alamar gyara ce, ba alamar an sauya bulok ba. Ban ba ka shawarar a buɗe inji mai lafiya don kawai a duba shekara ba.

Za ka iya jin wani ya ce a ƙirga harafi na goma a lambar casis, shi ne shekara. Wannan tsarin lamba mai guda 17 ne, wanda ya zama doka a Amurka daga 1981, kuma ko bayan nan ba dukkan kamfanonin Turai ne suka sa shekara a wannan gurbin ba. Bai shafi motar 1978 ba. Haka in ka ga an rubuta W. Germany a jikin wani kaya, abin da ya gaya maka shi ne an yi shi tun Jamus tana rabe biyu, kafin haɗewarta a 1990, ba shekara takamaimai ba. Motar da aka haɗa a Faransa kuwa, kamar da yawa da suka shigo ta Nijar, ana iya neman takardar shaidar ranar ƙera ta daga sashen adana tarihin kamfanin Fijo (Peugeot) a garin Sosho na Faransa, ta hanyar lambar casis.

Maganar bakanikenku ma kada ka yar da ita. Ka zauna da shi ka tambaye shi abubuwa ɗaya bayan ɗaya: an taɓa sauke injin nan ƙasa? A wane gareji? An taɓa kai kan injin Kano a goge? Wa ya sa kik ɗin nan? Sannan ka leƙa rumbu da ɗakin shirgi da bayan but, domin dattawan da suka riƙe mota haka ba su cika zubar da tsohon kaya ba. In ka tarar da tsohon kik mai sunan Ducellier ko Paris-Rhône a cikin buhu, kada ka bai wa 'yan gwangwan, ko da ya mutu. Ana naɗa shi ya tashi, kuma masu neman motar asali suna biyan kuɗi a kansa.

Idan lambar bulok ta zo ɗaya da takarda, ka kira mai sayen ka nuna masa da idonsa, ka kuma gaya masa da bakinka cewa kik da kwayil sauyi ne, sannan ku yi ciniki a kan haka. Idan ba ta zo ɗaya ba, ka faɗa masa gaskiya, ka nemi rasidin injin da aka sa in yana nan, a je ofishin lasisi a gyara takarda kafin motar ta bar hannunku, domin lambar injin da ta saɓa wa takarda tana iya jawo wa mai saye tsaiko a hanya, ta dawo kanku. Ko wanne ne ya tabbata, ka tara magada ka nuna musu hotunan, ka kuma nemi tayin mutum biyu ko uku kafin a sallama.