Bedi, darbejiya, maina: me ya sa ake neman sunan tsiro na kimiyya?

Tambaya: Ina sayar da sassaƙe da ganyayyaki a kasuwar Daura. Wani mai saye daga Kudu ya ce ba zai karɓi kaya ba sai na rubuta masa sunan kimiyya na kowane icce. Sunayenmu na Hausa ba su isa ba ne?

Amsa: Malam, sun isa matuƙar cinikin bai wuce tsakaninmu ba. Amma ko a ƙasar Hausa bakinmu bai zo ɗaya ba. Iccen da Bakatsine ke kira bedi, Bakano darbejiya yake ce masa, wasu su ce maina, wasu dogon yaro, sunan da Yarabawa ma suka ara. A wurin masana kuwa sunansa ɗaya ne ko'ina a duniya: Azadirachta indica.

Wannan tsari ya kafu ne da littafin Species Plantarum na Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, a 1753. Kowane tsiro yana da kalma biyu cikin sigar Latin: ta farko sunan dangi, ta biyu sunan nau'in. Shi ya sa yakuwa take Hibiscus sabdariffa, rama kuma Hibiscus cannabinus. Duk matar da ta san furen biyun ba za ta yi mamakin dangantakar ba.

Inda na fi so ka lura shi ne batun magarya. Mun saba fassara sidir na Larabci da magarya, har muna cewa magaryar tuƙewa. To, magaryarmu Ziziphus mauritiana ce, alhali abin da Larabawa suka fi kira sidir shi ne Ziziphus spina-christi, wato kurna. Dangi ɗaya ne, amma icce biyu. Idan mai saye ya karanta amfanin sidir a wani littafi, kai kuma ka auna masa magarya, kowannenku zai rantse yana da gaskiya. A harkar magani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada ka ɗauka sunayen nan daga sama suka faɗo. An sa wa kuka Adansonia digitata don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal. Ɗorawa kuwa, Parkia biglobosa, sunan Mungo Park, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasa, ta ɗauka. Ni dai abin yana ɗan yi mini ciwo, don kakanninmu sun daɗe suna kaɗa miyar kuka da daddawa kafin waɗannan baƙi su iso. Kuma sunayen suna canzawa idan bincike ya zurfafa: gawo a da Acacia albida ne, yanzu Faidherbia albida, bagaruwa ta tashi daga Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica. In ka ga duka biyun a takardu, abu ɗaya ake nufi.

Tun 1916 J. M. Dalziel ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen Hausa da takwarorinsu na kimiyya. Yana da amfani har gobe, sai dai wasu sunayen cikinsa sun tsufa.

Kada ka kwafi suna daga intanet ka liƙa wa buhu. Sassaƙe kaɗai ba ya nuna icce. Yanko reshe mai ganye da fure, da 'ya'ya in akwai, ka danne shi cikin jarida ya bushe, ka rubuta inda ka samo shi da sunan da ake kiransa a can. Sai ka kai wa malaman ilimin tsirrai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, ko ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, su tantance maka.